Jinin da Ya Bi Ta Ratse: Nazarin Lamarin Wani Majiyyaci Mai Toshewar Jijiyar Ƙwaƙwalwa

Majiyyacin namiji ne mai shekara 66, wanda ya shafe kusan shekara 15 yana shan maganin hawan jini, kuma shekara 6 ke nan da aka ɗora shi a kan statin, wato maganin rage kitsen jini. Ba shi da ciwon sukari, ya daina shan taba tun da jimawa, kuma mutum ne mai yawan tafiya a ƙasa. Matarsa ta gan shi lafiya lau da misalin ƙarfe 10 na dare lokacin da ya kwanta. Da ƙarfe 5 na asuba ya farka ya ji hannunsa na dama ya yi nauyi, ya ɗauki kofin ruwa ya suɓuce masa, da ya buɗe baki zai kira ta kuma sai kalmomin suka riƙa fitowa a sarƙe. Duk da haka ya miƙe da ƙafafunsa, yana gane duk abin da aka faɗa masa, har shi ne ma ya so a jira gari ya waye ko abin zai sake shi.

Da ƙarfe 6 da rabi aka isa da shi wani ƙaramin asibiti da ba shi da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. An auna jininsa aka samu 198/104, ganin wannan lamba kuwa ya tayar da hankalin kowa, aka ba shi maganin saukar da jini mai saurin aiki. Cikin awa ɗaya awon ya koma 128/74. An bar shi a zaune a bakin gado, ya kuma taka zuwa banɗaki sau ɗaya, alhali tun daren jiya bai sha ruwa ba. Wajen ƙarfe 8 da rabi magana ta ɗauke gaba ɗaya, baki ya karkace, hannu da ƙafar dama suka saki, idanunsa suka kafe suna duban hagu. Sai aka turo mana shi, ya iso ƙarfe 10 da kwata, wato fiye da awa 12 bayan lokacin ƙarshe da aka gan shi da lafiyarsa.

A ma'aunin NIHSS, wanda ke auna tsananin shanyewar ɓarin jiki daga 0 zuwa 42, mun ba shi 17, alhali bayanin da aka rubuto mana ya nuna cewa da safe bai wuce 5 ba. Sukarin jininsa 6.8 ne, wato bai kauce wa ƙa'ida ba, ba shi da zazzaɓi, bugun zuciyarsa daidai yake. Ina tsaye ina jiran a tura shi ɗakin hoto matarsa ta riƙe bakin gadon ta ce: "Likita, da ƙafarsa fa maigida ya shiga asibitin can. Me ya same shi a cikin awa biyu?" Wannan tambaya ita ce ainihin lamarin, kuma hotunan da muka ɗauka ne suka amsa ta.

Hoton CT na farko bai nuna zubar jini ba, kuma a ma'aunin ASPECTS, mai raba yankin jijiyar tsakiya ta ƙwaƙwalwa gida 10, gida biyu ne kawai suka fara canja kama, ya samu 8. Da aka zuba ruwan rini a jijiya aka ɗauki hoton hanyoyin jini, sai abubuwa uku suka bayyana. Gudan jini ya toshe gindin jijiyar tsakiya ta hagu. Babbar jijiyar wuya ta hagu, wadda ake kira karotid, ta tsuke da fiye da kashi 70 cikin ɗari saboda daskararren kitse da ya taru a bangonta, kuma alamu sun nuna daga nan gudan ya ɓalle ya hau sama. Na uku, a bayan toshewar rassan jijiyar ba su bushe ba: rini yana shiga cikinsu, amma daga baya yake zuwa, ta saman ƙwaƙwalwa, kuma a makare. Hoton gudanar jini ya ƙiyasta cewa naman da ya riga ya mutu bai wuce mililita 18 ba, wanda yake cikin ƙishirwar jini kuwa ya kai kimanin mililita 120.

Yadda jini ke samun wata hanya

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. A lafiyayyen mutum kowane giram 100 na namanta yana samun jini kimanin mililita 50 a minti ɗaya. Idan ya sauka ƙasa da 20 ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna daina aiki amma da sauran ransu, kamar wanda ya suma. Idan ya sauka ƙasa da 10 suna mutuwa cikin mintoci. Masu bincike uku, Astrup da Siesjö da Symon, ne suka fayyace wannan bambanci a 1981, kuma a kansa aka gina duk maganin gaggawa na wannan cuta: akwai matacciyar cibiya wadda ba ta dawowa, akwai kuma sumammen yanki kewaye da ita wanda za a iya farfaɗo da shi. Abin da ke riƙe da sumammen yankin shi ne jinin da ke zuwa ta ratse, ta jijiyoyin da zan kira jijiyoyin agaji.

Hawa-hawa ne su. A gindin ƙwaƙwalwa akwai zoben jijiyoyi da ke haɗa ɓangaren dama da na hagu, da na gaba da na baya, wanda ya ɗauki sunan Thomas Willis, likitan Ingila da ya bayyana shi a 1664. A saman ƙwaƙwalwa kuma, cikin siririyar fatar da ta lulluɓe ta, akwai ƙananan jijiyoyi waɗanda yawancinsu kaurinsu bai kai rabin milimita ba, suna haɗa ƙarshen rassan jijiyar gaba da ta tsakiya da ta baya. Otto Heubner ya bayyana su a 1874. A kullum jini kaɗan ne ke bi ta cikinsu, domin matsin da ke wannan baki daidai yake da na wancan. Da zarar jijiyar tsakiya ta toshe matsin ɓangarenta ya faɗi, sai jini ya kwararo daga maƙwabta ya shiga rassanta ta ƙarshensu, yana tafiya saɓanin yadda ya saba. Akwai hawa na uku, daga jijiyoyin fuska da fatar kai ta cikin jijiyar ido, wanda ke buɗewa idan karotid ta daɗe a tsuke.

Alƙaluman da Jeffrey Saver ya fitar a 2006, cewa ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 a kowane minti idan babbar jijiya ta toshe, matsakaicin lissafi ne. Na ga wanda cikin awa biyu duk yankin jijiyarsa ta tsakiya ya mutu, ga kuma wannan dattijo da ya kai awa 12 da asarar mililita 18 kacal. Agogo ɗaya ne a bango, amma kowace ƙwaƙwalwa da saurin mutuwarta, kuma jijiyoyin agaji ne ke yanke wannan sauri.

Abin da ya zo da shi

Abu na farko da ya taimake shi halitta ce. Cikakken zoben Willis ba ya samuwa ko a rabin mutane. A wasu wata gaɓa ta ƙanƙance, a wasu babu ita sam. A wannan majiyyaci gajeriyar jijiyar da ke haɗa jijiyoyin gaba biyu tana nan da kaurinta, saboda haka jini yana tasowa daga karotid ta dama, ya tsallaka ta wannan gada zuwa jijiyar gaba ta hagu, ya hau saman ƙwaƙwalwa, sannan ya gangaro ta ƙananan jijiyoyin agaji zuwa yankin da ya toshe. Doguwar hanya ce mai gaɓoɓi da yawa, kuma da gaɓa ɗaya ta ɓace da labarin ya sha bamban. Yawan ƙananan jijiyoyin ma gado ne a wani ɓangare: binciken da aka yi a kan ɓeraye a Jami'ar Arewacin Karolina da ke Amurka ya nuna bambanci mai girma tsakanin wannan zuriya da waccan, har aka danganta yawancin bambancin da ƙwayar gado mai suna Rabep2.

Wurin da gudan ya tsaya shi ma yana da tasiri. Da a ce ya tsaya a ƙarshen karotid, inda ta rabu gida biyu, da ya rufe bakin jijiyar tsakiya da na jijiyar gaba a lokaci guda, ya datse mai agajin tare da mai neman agaji. Ya wuce wannan mararraba da kimanin santimita ɗaya, wannan ɗan tazara kuwa ita ta bar hanyar ratsen a buɗe.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi ba wa ɗalibai mamaki, domin cutar da ta jawo masa matsalar ita ce kuma ta shirya masa kariya. Tsukewar karotid ba a rana ɗaya take faruwa ba. Shekara da shekaru ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa yana samun jini da ɗan ƙarancin matsi, jini yana ta gogar bangon ƙananan jijiyoyin agaji yana neman wucewa, wannan gogayya kuma ita ce ke sa bangon jijiya ya sake gini, ta faɗaɗa ta yi kauri. Shi ya sa bincike da dama suka sami cewa masu toshewar da ta samo asali daga tsukewar manyan jijiyoyi sun fi samun ingantattun jijiyoyin agaji a kan waɗanda gudan jini ya taso musu daga zuciya, kamar masu rikicewar bugun zuciya. Su waɗannan gudan yana faɗo wa ƙwaƙwalwar da ba ta taɓa sanin ƙarancin jini ba, gudan kuma sau da yawa babba ne, sannan zuciyar da ya kamata ta tura jini ta ratsen ita kanta ba ta bugawa da ƙarfi.

Rashin ciwon sukari ya tsaya masa. Binciken da Bijoy Menon da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya danganta raunin jijiyoyin agaji da tsufa, da yawan sinadarin yurik a jini, da kuma tarin matsalolin nan da ke tafiya tare: tumbi, hawan jini, hawan sukari da lalacewar ma'aunin kitsen jini. Game da statin, an sami nazarce-nazarce da suka ga ingantattun jijiyoyin agaji a masu shan sa tun kafin cutar, kuma akwai dalili mai ma'ana, tunda maganin yana kyautata aikin fatar cikin jijiya. Sai dai waɗannan nazarce-nazarce na lura ne, ba gwaji na rarraba marasa lafiya ba, don haka ina ɗaukar statin a matsayin abin da wataƙila ya taimaka masa, ba zan rantse a kai ba.

Abubuwa biyu ne ba su goyi bayansa ba. Tsufa yana rage yawan ƙananan jijiyoyin agaji da faɗinsu, yana kuma ƙara musu lanƙwasa. Hawan jini na shekaru kuma yana kaurara bangon ƙananan jijiyoyi ya sa su taurare, har ƙwaƙwalwa ta saba da aiki a kan matsi mai yawa, ta yadda awon da ke daidai ga saurayi zai iya zama ƙaranci ga dattijon da ya shekara 15 da cutar. A ma'aunin Tan, mai tafiya daga 0 zuwa 3, majiyyacin ya samu 2: fiye da rabin yankin yana cika, amma ba duka ba.

Awa biyun da matarsa ta tambaya

A lafiyayyar ƙwaƙwalwa jijiyoyi suna tsukewa ko su buɗe da kansu domin jinin da ke shiga ya tsaya daidai ko matsin jiki ya hau ko ya sauka. A sumammen yanki wannan dabara ta ƙare, domin jijiyoyin sun riga sun buɗe iyakar buɗewarsu, babu sauran abin da za su ƙara. Daga nan jinin da ke ratsawa ya dogara kacokan a kan matsin da ke turo shi daga baya. Awon 198/104 da aka gani da safe, a mafi yawansa, ƙoƙarin jiki ne na tura jini ta wata doguwar hanya mai ƙunci. Da aka sauke shi da maki 70 cikin awa ɗaya, aka bar mutumin a zaune, jikinsa kuma da ƙarancin ruwa, sai jinin ratsen ya ragu, yankin da ke aiki da ƙyar ya faɗa cikin suma. Gudan bai motsa ba, bai ƙara girma ba. Abin da ya canja shi ne ƙarfin turawa.

Ba don in ɗora wa wani laifi nake faɗar wannan ba. Ma'aikacin da ya ga 198 ya yi abin da aka koya masa a kan hawan jini, kuma ba shi da hoton da zai nuna masa ko jijiya ce ta fashe ko toshewa ta yi. Amma wannan rashin hoton shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata a yi gaggawar saukar da jinin ba. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce, a toshewar jijiya ana barin jini ya hau har zuwa 220/120 idan ba za a ba da maganin narkar da guda ba, idan za a bayar kuma a sauke shi a hankali zuwa ƙasa da 185/110. Abin yana ci mini rai, domin daga cikin duk abubuwan da ke shafar jijiyoyin agaji, gado da tsufa da siffar zoben Willis ba su hannun kowa a wannan safiya, matsin jini kuwa yana hannunmu.

Mun kwantar da shi a miƙe a gado ba tare da matashi ba, muka ɗaura masa ruwan gishiri, muka dakatar da duk maganin hawan jini. Cikin minti 30 awon ya koma 160/88, ya fara ɗaga ƙafar dama daga kan gado, makinsa na NIHSS ya sauko zuwa 13. Na ce masa: "Baba, matse hannuna," sai yatsunsa na dama suka ɗan motsa. Ya kamata in faɗi cewa babban gwajin HeadPoST na 2017 bai sami bambanci ba tsakanin kwantar da marasa lafiya a miƙe da ɗaga kansu, sai dai yawancin waɗanda ke cikinsa cutarsu mai sauƙi ce. A mai toshewar babbar jijiya da ke jiran a buɗe masa ita, wanda kuma alamunsa ke hawa da sauka tare da matsin jini, ina ganin kwanciyar tana da hujja, muddin ana kula da kada ya shaƙe.

Wannan ɗan sauƙi bai ruɗe mu ba. Jijiyoyin agaji rance suke bayarwa, kuma suna iya janyewa ko da matsin jini bai faɗi ba: jinin da ke tafiya a hankali yana iya daskarewa a cikinsu, kumburin nama yana matse su, gudan yana iya tsawo ya rufe wasu rassa. Mutane da yawa masu toshewar babbar jijiya da ƙananan alamu sukan taɓarɓare a cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka bar jijiyar a toshe.

Lokacin maganin narkar da guda, wanda aka tabbatar da amfaninsa cikin awa 3 a 1995 aka kuma faɗaɗa zuwa awa 4 da rabi a 2008, ya riga ya wuce. Abin da ya rage shi ne zaro gudan da siririn bututu. Gwaje-gwajen 2015 ne suka tabbatar da wannan aiki, kuma ɗaya daga cikinsu, ESCAPE na Kanada, ya zaɓi marasa lafiyarsa ne ta duban ingancin jijiyoyin agajinsu. A 2018 gwajin DAWN ya nuna amfaninsa har zuwa awa 24, gwajin DEFUSE 3 kuma zuwa awa 16, ga waɗanda matacciyar cibiyarsu ƙarama ce sumammen yankinsu kuma babba. In an duba da kyau, waɗanda suka cika wannan sharaɗi bayan awa 12 su ne masu ingantattun jijiyoyin agaji, domin saura ƙwaƙwalwarsu ba ta kai wannan lokaci. Majiyyacinmu, da mililita 18 a kan 120, ya shiga cikinsu.

An yi aikin ba tare da an sa shi barci mai nauyi ba. Dalilinmu shi ne farkon shigar maganin barci yakan faɗar da matsin jini, kuma idan na'urar numfashi ta fitar da iskar kabon fiye da kima jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna tsukewa, duka biyun kuwa cutarwa ne ga jinin ratse. Wannan zaɓi ne na wannan majiyyaci, tunda yana kwance tsit yana bin umarni. Inda mai ba da maganin barci ya riƙe matsin jini da kyau, sakamakon hanyoyin biyu yana kusa da juna. An riƙe lambar sama ta awon jininsa sama da 140 har aka gama. Bututun ya ratsa tsukakkiyar karotid a hankali, a ja na biyu gudan ya fito, ja-baƙi, tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba, kuma da ƙarfe 11 da minti 40 rini ya cika rassan jijiyar tsakiya ta hanyarsa ta asali. Ko bayan buɗewar ba mu matsa wajen saukar da jinin ba, mun dai hana shi wuce 180/105. Gwajin ENCHANTED2/MT na 2022 ya nuna cewa tilasta lambar sama ta koma ƙasa da 120 bayan wannan aiki yana munana sakamako.

Hoton MRI na washegari ya nuna tabo mai kimanin mililita 30. Fatar saman ƙwaƙwalwa, inda cibiyoyin magana suke, kusan duk ta tsira. Ɓarnar ta taru ne a can ciki, a yankin da wasu siraran jijiyoyi ke shayarwa, waɗanda ke fitowa kai tsaye daga gindin jijiyar tsakiya su nutse cikin ƙwaƙwalwa. Waɗannan ba su haɗu da kowace maƙwabciya ba, gudan kuma a kan bakinsu ya zauna, don haka jinin da ya zo ta sama bai iya kai musu ba. Taswirar tabon ita ce taswirar inda agaji ya isa da inda ya gaza.

A rana ta uku ya kira sunan matarsa. A rana ta goma aka yi masa aikin kankare kitsen da ya tsuke karotid, domin amfanin wannan aiki ya fi yawa idan an yi shi cikin mako biyu na farko, sannan aka maido masa da maganin hawan jini sannu a hankali, aka ƙara ƙarfin statin, aka ɗora shi a kan maganin hana daskarewar jini. Bayan kwana 90 ya zo da ƙafarsa ba tare da sanda ba, yana magana sosai, sai dai yakan tsaya neman kalma idan ya gaji. A ma'aunin Rankin, mai tafiya daga 0 zuwa 6, yana mataki na 2: yana kula da kansa, amma bai koma duk abin da ya saba yi ba. Yatsun hannun dama har yanzu ba sa iya ɓalla maɓallin riga, kuma yana ci gaba da zuwa gashi da motsa hannun sau biyu a mako.